Mutum Ɗaya, Shekarar Haihuwa Biyu

Ƙanwata shekarar haihuwa biyu gare ta. A gida aka haife ta a ƙauyenmu da ke Tofa, ba a yanki takarda ba. Da aka kai ta firamare, malami ya dube ta ya rubuta 2005. Daga baya Baba ya je yin takardar rantsuwa, ya lissafa da damina ya ce 2006. Bana da ta zo rajista a intanet, shafin ya ga saɓani, sai kawai ya ƙi ta. Sati uku tana safa da marwa zuwa Kano har aka kusa rufewa. Tun da aka wajabta NIN wajen rajistar JAMB a 2021, waye bai san mai irin wannan matsalar ba?

Ni a ganina laifin namu ne, masu rubuta manhaja. A aji an koya mana 1 da 0, gaskiya ko ƙarya, shi ke nan. A wannan tsarin na manɗiƙi, in ka karɓi magana da kishiyarta, kowace magana ma sai ta tabbata. Shi ya sa muke gudun saɓani kamar wuta.

Amma a 1977 wani malamin falsafa a Amurka, Nuel Belnap, ya kawo mafita. Ya ce kwamfuta ba ta san gaskiya ba, abin da aka faɗa mata ta sani. Don haka matsayi huɗu ne: an ce eh, an ce a'a, an ce duka biyun, ko ba a ce komai ba. Saɓanin sai ya tsaya a layin shekara kawai. Suna, hoto da sakamakon jarrabawa su wuce.

Malamanmu na hadisi ma ba sa watsi da ruwayoyi biyu don sun yi karo. Su gwada haɗa su, ko su rinjayar da ɗaya, ko su dakata.

Wani zai ce ai masu rage shekaru sun samu ƙofa. Ina! Wanda aka kora gyara takarda zai je yi ya dawo fes. Wanda aka ajiye bayanansa biyu kuwa, shaida na nan har ma'aikaci ya duba.

'Yan uwana masu furojet a bana, don Allah ku ƙara wa teburin bayananku gurbin "akwai saɓani". Yarinyar ƙauye ba ta yi ƙarya ba.