Jif ta hannu da albashin ma'aikacin tarayya

Duk wanda ke bin titin filin jirgin sama ko babbar hanyar Kubwa ya saba ganin filayen dillalan motoci jere a gefen kwalta, kuma sahun gaba kullum na manyan jif-jif ne: Prado, Lexus GX, 4Runner, Pajero, Highlander, an wanke su an goge har suna ɗaukar ido. Dillalai sun san dalilin ajiye su a nan. Ma'aikacin tarayya da ya kai mataki na 13 ko 14, ko hadimin minista, ko mataimaki na musamman ga wani ɗan majalisa, da wuya ya wuce bai rage gudu ba. A ofis kuma ana ta zuga shi cewa mai matsayi irin nasa ya wuce shiga ƙaramar mota, ga damina, ga hanyar gida ta lalace, ga shi Toyota ba ta faɗuwa a kasuwa. Sabuwa dai ta fi ƙarfin albashi nesa ba kusa ba, saboda haka maganar ta hannu ake yi, wadda aka shigo da ita daga Amurka ko Turai bayan ta yi shekara goma ko fiye tana bauta wa wani.

Ga mafi yawan masu jiran albashi a Abuja, wannan ciniki asara ce da ake biya wata-wata. Akwai 'yan ƙalilan da ya dace da su, amma kafin a zo kansu ya kamata a duba inda sha'awar ta samo asali.

Tun 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da gatan gida da na mota zuwa kuɗin da ake haɗawa da albashi, ma'aikaci ya koma shi ke saya wa kansa mota, shi ke zuba mata mai, shi ke sallamar bakanike. Jif kuwa ba ta bar harabar ma'aikatu ba. Ministoci da shugabannin hukumomi ita suke shiga, kuma a 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce kan motocin da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, waɗanda jaridu suka ce kowace ɗaya ta kai kimanin naira miliyan 160, hujjar da aka kawo kuwa ita ce lalacewar hanyoyin mazaɓu. Hadimi yana zama a kujerar gaban irin wannan mota kullum, yana jin sanyinta da yadda take haɗiye ramuka, dole ransa ya biya. Abin da ba ya gani shi ne takardun da ke biye da ita. Motar da ke ayarin minista sabuwa ce fil, baitulmali ke zuba mata mai, tana da direba mai albashi, gyaranta kuma kwangila ce. Tasa za ta zo da shekara goma sha biyu a kanta, kuma albashinsa ne baitulmalinta. A zamanin dawaki ma, mai ɗan hali kan iya sayen ingarma. Harawa da dusa da kanwa da ladan ɗan barga su ke sa ya mayar da shi kasuwa.

Harawar jif ita ce fetur, kuma lissafinsa ya sauya ɗungurungum tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma 537 a gidajen man NNPC na Abuja cikin kwanaki kaɗan, ta kai 617 a watan Yuli, ta haura 1,000 a watan Oktoban 2024 kafin ta ɗan sassauto. A ɗauki ma'aikacin da ke zaune a Kubwa yana aiki a Sakatariyar Tarayya, tafiyar kusan kilomita 25. Zuwa da dawowa na kwana 22 sun kama kilomita 1,100 a wata. Corolla mai lafiya kan sha kimanin lita 8 a kowace kilomita 100, wato lita 88. Prado mai silinda shida, da na'urar sanyi a kunne da cunkoson safiya, a yi mata kirki a ce lita 15, wato 165. Bambancin lita 77 ke nan. In aka ƙaddara lita a naira 900, ya kama naira 69,300 a wata, kusan daidai da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a 2024. Ba a sa kai yara makaranta ba, ba a sa kasuwa da gaisuwar 'yan uwa a ƙarshen mako ba, balle tafiyar Sallah. Wanda ke fitowa daga Mararaba ko Masaka, inda mota kan yi awa guda tana jan jiki a Nyanya, nasa ya fi haka zafi, domin babban inji a tsaye ma sha yake yi.

Wasu na cewa a juya ta zuwa iskar gas ta CNG da gwamnati ke tallatawa. Juyin kansa kuɗi ne, tukunyar tana cinye bayan motar da aka saya don faɗinsa, kuma wuraren ɗura gas sun fi yawa a manyan birane, alhali hujjar sayen jif ita ce zuwa ƙauye.

Bayan mai sai kayan gyara, su kuma da dala ake shigo da su. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuma 'yan kasuwar Apo da Ladipo da Ƙofar Ruwa ba su da inda za su kai wannan bambanci sai kan mai saye. Mota mai jan ƙafa huɗu tana da sassan da ƙaramar mota ba ta da su sam: akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, farfela biyu, aksul mai giya a gaba da baya, kowanne da irin man da yake so da lokacin sauya shi. Tayoyinta manya ne, kuma masu jan ƙafa huɗu a kowane lokaci ba sa son a haɗa sabuwar taya da shafaffiya, domin bambancin girman yana wahalar da akwatin rabon. Wanda ya saba sayen taya ɗaya-ɗaya zai tarar ana ce masa ya sayi huɗu. Injin V8 na GX 470 yana cin baƙin mai sama da lita 6 a kowane juyi, Corolla lita 4 da ɗan kai. Yana kuma da bel na taimin da ake sauyawa a kan ƙa'ida, wanda mai motar farko sau da yawa yakan sayar da ita daidai lokacin da sauyin ya ƙarato. Bayan motar kuma a kan jakar iska yake zaune, ranar da ta huje mutum zai fito da safe ya tarar motarsa ta durƙusa. Makanikai sun saba cire jakar su sa sifirin, amma wannan ma aljihu yake taɓawa.

Abin da ya fi ba da takaici shi ne yawancin masu biyan wannan kuɗi ba sa amfani da abin da suka biya. Titunan da ma'aikaci ke bi daga Gwarimpa ko Lugbe ko Karu zuwa tsakiyar birni kwalta ce. Matsalarsa ta gaskiya ita ce 'yar kilomita ɗaya ko biyun da ke tsakanin babban titi da ƙofar gidansa, inda ruwa ya zaizaye ƙasa, ƙaramar mota na goga cikinta. Maganin wannan shi ne tashi daga ƙasa, kuma RAV4 ko CR-V mai silinda huɗu tana da shi ba tare da ɗawainiyar Prado ba. Akwai ma abin da dillalai ba sa son faɗa. Da yawa daga cikin Highlander da Lexus RX da Pilot da ake shigo da su daga Amurka ƙafafun gaba kawai suke ja, kuma Highlander da RX a kan tsarin Camry aka gina su. Ko 4Runner akwai wadda aka ƙera mai jan baya zalla. A nan gida kuma, idan akwatin rabo ya lalace, akwai makanikan da ke kwance farfela ɗaya su ajiye, mota ta ci gaba da tafiya da ƙafa biyu, tambarin 4WD na nan a bayanta yana ƙyalli. Mutum sai ya shekara yana alfahari, ranar da ya kafe a taɓo ya gane abin da ya saya.

Sai tarihin motar, wanda shi ne ainihin cacar. Kaso mai yawa na motocin da ke zuwa daga Amurka ana sayo su ne a gwanjon kamfanonin inshora, irin su Copart da IAA, inda ake kai waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas. Motar da ta kwana a ruwa takan tashi lafiya a filin dillali, sai bayan watanni wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, fitilun gargaɗi su cika gaban direba. Waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka kuma gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfen ƙasansu. Toyota da kanta ta amince a 2016 ta biya diyya a Amurka kan tsatsar firam ɗin wasu Tacoma da Tundra da Sequoia. Jif ta gaske a kan firam take zaune, idan ya ruɓe sauran duk kwalliya ce. Mitar tafiya kuwa mayar da ita baya ba ya ɗaukar awa guda.

Takardu ma abin tsoro ne, musamman ga mai aikin gwamnati da sunansa ke cikin rajista. Tun 1 ga Janairu 2017 aka haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma 'yan Kwatano ba su daina bin daji ba, kuma jami'an kwastam kan tare mota a hanya su nemi shaidar biyan haraji ko da ta yi shekaru a hannun mutum. Manyan jif-jif su ne ɓarayin ƙetare suka fi so. A watan Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Daraktan da aka ƙwace wa mota a gaban ma'aikatarsa ya yi asarar da ta wuce kuɗin.

Hujja mafi ƙarfi ta masu goyon bayan sayen ita ce daraja. Gaskiya ne wanda ya sayi Prado a 2021 zai iya sayar da ita yau fiye da yadda ya saya. Sai dai naira ce ta faɗi, kuma kuɗin da zai karɓa ba zai saya masa irinta ba. Wanda ya sayi Corolla a shekarar ma ya ga irin wannan tashi, kuma bai ƙona lita 77 ta banza kowane wata ba. Idan da bashi za a saya, lissafin ya ƙara lalacewa: Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba mutum. Ko rancen ƙungiyar adashen ma'aikata ne, cirewa ake yi tun kafin albashi ya iso hannu.

Halin hadimi ya fi na ma'aikacin dindindin rauni. Aikinsa a rataye yake da kujerar maigidansa, wadda zaɓe ko garambawul ko hukuncin kotu kan ɗauke cikin yini guda. Alawus ɗin tafiye-tafiye da ihsanin da ke riƙe motar su ke fara yankewa, kuma a shekarar sauyin gwamnati irinsa da yawa ke kai nasu kasuwa lokaci ɗaya, dillali ya taya yadda ya ga dama. Kafin nan ma motar ta riga ta yi masa shela a garinsu. Ranar da ya shiga da Prado, kuɗin makarantar 'ya'yan 'yan uwa da gudunmawar biki da ta asibiti duk sun tashi, domin ba mai yarda cewa mai wannan mota ba shi da shi. A hanyoyin da ake fama da masu garkuwa da mutane kuwa, shelar ta fi wannan haɗari.

To, wa ya dace ya saya? Wanda hanyarsa ce ta nema. Ma'aikacin da ke da gona a lungunan Nasarawa ko Neja yana zuwa kowane mako har cikin Agusta, injiniyan da ke duba madatsun ruwa da hanyoyin karkara, jami'in lafiya ko na aikin gona da ke shiga ƙauyuka, ɗan tsaunin Mambila da iyayensa ke can. Irin wannan mutum yana da amfani da giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzilari, kuma kwana ɗaya a kafe cikin daji ya fi masa tsada a kan man wata. Ma'aunin mai sauƙi ne: ya ƙirga sau nawa a shekarar da ta wuce ƙaramar mota ta kasa kai shi inda za shi. Idan sau biyu ne ko uku, hayar Hilux da direbanta a waɗannan ranakun ta fi araha ƙwarai. Idan kowane mako ne, ya saya, kuma zai fi samun sauƙi idan yana da ƙaramar mota ta zuwa ofis.

Shi ma kada ya biya sai ya karɓi lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17, ya bincika tarihinta a Carfax, ya kuma nemi hotunan gwanjonta a intanet, domin sau da yawa suna nan. Ya kai takardun haraji ofishin kwastam da ƙafarsa a tabbatar masa. Ya zo da bakanikensa, wanda ba dillali ne ya kawo shi ba, a ɗaga motar a duba firam da farfela biyun, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a nemi laka da warin ruwa, a sa na'urar bincike. Daga nan a fita da ita fili mai tsakuwa ko yashi a sa ogzilari a ga ta shiga ta kuma fita, domin masu irin tsarin da ake sawa a cire ba a gwada su a busasshiyar kwalta. Ya kuma ware kuɗin tayoyi huɗu da sauya dukan mayuka da bel tun kafin ya taya. Idan abin da ke hannunsa bai kai kuɗin motar da wannan tanadi ba, ya sauko zuwa RAV4.