Shago Ko Ɗandunawa: Da Wace Hujja Muke Musu?

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma na zo da maganar da na san za ta sa wasu su ce na kauce hanya, domin batun dambe ne.

Kwanakin baya muna gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada, nan Gusau, sai aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Kun san abin da ke biyo baya. Kafin mai gidan ya gama fama da igiya, musun Messi da Ronaldo ya kaure. Wani yaro da bai wuce shekara sha biyar ba ya miƙe yana lissafi da yatsu: Messi ya ɗauki Ballon d'Or sau 8, Ronaldo sau 5. Na kusa da shi ya ce Ronaldo ya ci kofin Zakarun Turai sau 5, ya kuma ci kofin ƙasashen Turai da Portugal a 2016. Yaron ya ce to Kofin Duniya fa, wanda Messi ya ɗaga a Qatar a 2022? Babu wanda ya duba waya, duk a ka suke.

Akwai wani dattijo mai tsire a bakin ƙofar. Da hayaniyar ta ishe shi sai ya ce, "Ku yara mi kuka sani ga maza? Da kun ga Shago cikin fage, da ba ku ƙara kiran wani gwani." Yaron nan ya juyo da ladabinsa ya ce, "Baba, shi Shagon mutum nawa ya kashe?" Dattijon ya yi shiru. Ya juya tsirensa, ya sake juyawa, can sai muka ji yana rera waƙar Ɗan Anace a hankali. Aka yi dariya, wuta ta dawo, kowa ya koma kallo. Ni kuwa tambayar yaron ta bi ni har gida.

Ga waɗanda ba su taso kusa da fage ba, kisa a dambe ba kisan rai ba ne. Idan ka naushi abokin karawarka ya faɗi, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ka kashe shi ke nan. Hannu ɗaya ake naɗewa da zare, ɗayan kuma shi ne garkuwa. Ana yin turmi uku, in babu kisa a raba su. Asalinsa wasan mahauta ne, da kaka ake yinsa bayan an kai amfanin gona gida, ana bin gari gari da kalangu. Saboda haka tambayar yaron tana da amsa. Akwai adadin mutanen da Shago ya buge, akwai waɗanda suka buge shi, akwai garuruwa da ranaku. Abin da babu shi ne wanda ya zauna ya rubuta mana su a lokacin.

Na ce bari in gwada da kaina. Na je Bungudu wajen wani kawuna da ya yi yawon kallon dambe da ƙuruciyarsa. Na ce, "Kawu, tsakanin Shago da Ɗandunawa wa ya fi?" Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana daga gabas take fitowa. A wurinsa Shago ne, babu na biyu. Bayan mako biyu na sami wani dattijo a Tsafe, abokin mahaifina, na yi masa tambayar nan. Shi kuma ya ce Ɗandunawa ya fi ƙarfin hannu, Shago dai ya fi shi sa'ar makaɗi. Da na nemi kowannensu ya ba ni labarin karawar da mutanen biyu suka yi, sai na samu labari biyu. Garin da suka ambata daban, yadda aka tashi daban. Kuma dukansu, duk inda labarin ya tsinke musu, waƙar Ɗan Anace suke janyowa su ɗaura.

A nan ra'ayina ya tsaya, kuma zan faɗe shi kai tsaye. Idan muka ce Shago ya fi kowa a tarihin dambe, Muhammadu Bawa Ɗan Anace muke zaɓa ba mu sani ba. Shago ya fi kowa suna, wannan babu musu. Amma suna daban, fifiko daban. Sunan ya iso gare mu ne ta bakin mawaƙi, ta faifai da kaset da rediyo, yanzu kuma ta memori. Ɗan damben da ya yi zamani da shi a wani ƙauye, ya buge mutum ɗari, amma makaɗinsa bai taɓa shiga gidan rediyo ba, yau ko jikokinsa da ƙyar su kawo sunan mutum uku da ya kashe.

Na san abin da za a ce mini, domin kawuna ya riga ya faɗa. Ya ce makaɗin maza ba ya yi wa rago kiɗa. Ɗan Anace a gaban jama'a yake waƙa, a fagen da kowa ke gani da idonsa, in ya zuga wanda ake ta bugewa 'yan kallo ne za su fara yi masa ihu. Wannan gaskiya ce, na kuma karɓa. Waƙar shaida ce cewa Shago jarumi ne na gaske. Sai dai Ɗan Anace ya yi wa Ɗandunawa waƙa, ya yi wa Ado Ɗan Kore. Aikin mawaƙi shi ne ya kai gwaninsa sama a daren da yake masa kiɗa, ya kuma tsorata abokin karawa tun kafin a ɗaura zare. Ba a ɗauke shi aikin ƙidaya ba. Wanda ya nemi lissafi a cikin kirari ya zalunci kirarin, ya kuma zalunci tarihi.

Akwai wata suka ta biyu, ita ma mai ƙarfi ce. Za a ce ai ko an rubuta komai musun ba zai ƙare ba. Haka ne. Jay-Jay Okocha bai taɓa cin kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka ta hukumar CAF ba, Nwankwo Kanu ya ci sau biyu, a 1996 da 1999, Rashidi Yekini ya ci a 1993 kuma ya zura wa Nijeriya ƙwallo 37. Duk da haka je ka kowace majalisa ka ce wa ya fi iya taɓa ƙwallo, za ka ji sunan Okocha kafin ka rufe baki.

Har a Ostireliya haka abin yake. Suna da wata ƙwallo tasu mai siffar ƙwai, mutum 18 kowane ɓangare, ana cafe ta da hannu a buga da ƙafa. Tun 1924 suke ba da lambar Brownlow ga gwarzon shekara, kuma alƙalan wasa ne ke jefa ƙuri'a bayan kowane wasa: uku ga wanda ya fi, biyu ga na biye, ɗaya ga na uku. Komai a rubuce. Amma mutum ukun da aka fi ambata idan ana musun wa ya fi kowa, wato Leigh Matthews da Wayne Carey da Gary Ablett babba, babu ko ɗayansu da ya taɓa cin lambar. Ɗan shi Ablett ɗin ne ya ci ta sau biyu, a 2009 da 2013, sai musun ya koma tsakanin uba da ɗa.

To in haka ne, mene ne amfanin rubutun? Amfaninsa shi ne musun mai hujja da musun marar hujja ba ɗaya ba ne. Mai goyon bayan Okocha ya san Kanu ya fi shi kyauta, dole ya fito da wani ma'auni, ya ce shi daɗin kallo yake nufi. Daga nan an san abin da ake musu a kai: yawan nasara ne, ko ƙarfin waɗanda aka kara da su, ko daɗewa ana yi, ko burgewa. Mu kuwa a batun Shago da Ɗandunawa ba mu kai nan ba. Wanda ya fi shekaru ko ya fi ɗaga murya shi ke cin musun, yaro kuma ya koma wa Messi, domin a can ne yake da abin faɗa.

Kada mu ce ai wasan gargajiya ba ya rubutuwa. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ba haka ba ne. Tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa wadda ake ba zakara takobi. A Tawa aka fara, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki na farko. Yau idan mutumin Dosso ya ce Issaka Issaka ya fi kowa, zai lissafa maka takubban da ya ɗauka, wanda ke jayayya kuma ya kawo nasa lissafin. Su ma suna da makaɗa da kirari da layu kamar mu. Abin da suka ƙara shi ne jerin sunaye da shekaru.

Ku duba kuma yadda mawaƙanmu suka tsira. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya zauna ya rubuta Makaɗa da Mawaƙan Hausa, shi ya sa ɗalibi yau zai iya buɗe littafi ya karanta tarihin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo. An rubuta mai kiɗan, wanda ake yi wa kiɗan kuma an bar shi cikin waƙa. Wani Ba'amurke, Edward Powe, ya zo ƙasar Hausa ya yi nazarin dambe da kokawa da sauran wasannin maza, ya fitar da littafi a 1994, da Turanci. Mu da muka taso da kalangu a kunnenmu, me muka ajiye da Hausa?

Abin da ya sa nake ganin maganar ta gaggawa ce, mu 'yan Zamfara mun san halin da ƙauyukanmu ke ciki. Garuruwa nawa ne suka watse tsakanin Tsafe da Bungudu da Maru? Dattijon da ya ga manyan damben da idonsa, yau yana iya kasancewa a wani kango a Gusau yana gudun hijira, babu mai tambayarsa komai sai katin rabon abinci. Mun ga 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a jihar nan. Wasan da ke rayuwa da kaka da ranar kasuwa da tafiyar dare ba zai daɗe a irin wannan hali ba. Duk dattijon da aka kai makwanci, da turmi ɗari ake binne shi.

Wani zai ce ai yanzu akwai bidiyo. Gaskiya ne, damben su Ebola da Ali Ƙanin Bello da Dogo Mai Takwasara yana cikin wayoyinmu, ana ɗora shi a YouTube da Facebook, ana musun Kudu da Arewa da Guramaɗa kullum. Amma ɗauki bidiyo goma a wayarka ka duba, nawa ne ke ɗauke da rana da wuri? Yawanci wurin kisan kawai ake yankowa, daƙiƙa ashirin, babu turmin farko, babu sunan wanda ya faɗi. Waya kuma tana faɗawa ruwa, memori yana lalacewa. Bayan shekara arba'in jikokinmu za su tsinci kansu inda dattijon mai tsire ya tsinci kansa.

Akwai kuma mai cewa dambe harka ce ta layu da shaye-shaye, bai dace marubuci ya ɓata alƙalaminsa a kai ba. Ni ban ce mu yabi abin da bai dace ba. Rubuta abu daban, halatta shi daban. Wanda zai rubuta dambe da gaskiya dole ya rubuta haƙoran da suka zube, da muƙamuƙin da ya goce, da tsohon zakaran da ya ƙare yana yawon roƙo a fagen da aka taɓa ɗaga hannunsa. Mu da ke kukan labaranmu sun zama iri ɗaya, kullum ɗan Alhaji da 'yar talaka, ga rayuwa nan cike da kishi da tsoro da alfahari da talauci ba mu taɓa ta ba. Ko sunayensu kaɗai labari ne: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane. Kowane suna yana gaya maka wa ya rene shi a fage.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Kowannenmu ya nemi dattijo ɗaya a unguwarsu ko garinsu wanda ya yi dambe ko ya yi yawon kallonsa. A je da goro da ladabi. A tambaye shi wa ya gani da idonsa, a wane gari, zamanin wane sarki ko shekarar wane abu, turmi nawa aka yi, wa ya yi kisa, wa ke kiɗa. A raba abin da ya gani da abin da ya ji, a rubuta kowanne a gefensa. In labarin wani ya saɓa wa na wani, kada a gyara, a rubuta duka biyun da sunan garin da aka samo su. Wanda ke zuwa gidan dambe yau kuma ya riƙa tafiya da ɗan littafi.

In an matsa mini sai na zaɓa, Shago zan ce, domin da sunansa aka yi mini reno. Amma na san dalilina na kunne ne, kuma ba zan iya kare shi a gaban yaron gidan kallo ba. Shi ya sa ranar Asabar zan koma Bungudu da biro da takarda, kawuna ya yi alƙawarin haɗa ni da wani tsohon makaɗin kalangu. Abin da na samo zan kawo muku nan.

Ku kuma fa? Wa kuke ganin ya fi, kuma daga bakin wa kuka ji? Wanda ya ce Shago ya kawo hujjarsa, wanda ya ce Ɗandunawa ya kawo tasa, amma don Allah kada kowa ya amsa mini da waƙa. Allah Ya zaunar mana da jiharmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu.