Cem Özdemir: tsohon ministan da ya taɓa sauka da kansa

1/ Jiya muna musu a ɗakinmu na makaranta, wani abokina ya ce duk ɗan siyasar da ya yi murabus ya binne kansa da ransa. Ni dai ban yarda ba. Bari in ba ku labarin wani tsohon ministan Jamus, sai ku yi mana alƙalanci.

2/ Sunansa Cem Özdemir. An haife shi a 1965 a garin Urach, kudancin Jamus. Iyayensa 'yan ci-rani ne daga Turkiyya, uban lebura a masana'anta, uwar kuma tela. Sai a 1983 ya samu takardar zama ɗan ƙasa.

3/ A 1994 ya shiga majalisar tarayya a jam'iyyar masu kare muhalli, yana ɗan shekara 28. Tauraronsa ya fara haskawa ke nan.

4/ Sai ga 2002. Aka bankaɗo cewa garaɓasar tikitin jirgi da ya tara a tafiye-tafiyen aiki, ya yi hidimar kansa da ita. Ga kuma bashi mai sauƙin ruwa da ya karɓa a hannun wani mai harka da 'yan siyasa.

5/ Sai ya ajiye muƙaminsa. Aka sake zaɓe a shekarar, kujera ta samu, ya ƙi karɓa. Ya bar majalisar.

6/ A 2004 ya tafi majalisar Tarayyar Turai. Daga 2008 zuwa 2018 yana cikin shugabanni biyu na jam'iyyarsa. A Disamba 2021 ya zama ministan abinci da noma, na farko mai asalin Turkiyya a gwamnatin tarayya. A keke ma ya je fadar shugaban ƙasa karɓar takardar naɗi.

7/ Abokina ya ce ai jam'iyya ce ta rufa masa asiri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don ita ta sake ba shi takara. Amma a 2021 mutanen Stuttgart da hannunsu suka zaɓe shi, da kusan kashi 40 na ƙuri'u.

8/ A ganina, da ya yi taurin kai a 2002, har yau da tikitin nan za a riƙa yi masa gori. Saukar ce ta kashe maganar. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

9/ Ba cewa nake waliyyi ne ba, laifi kam ya yi. Amma wanda ya amsa laifinsa ya biya, shi nake iya sake bai wa amana. Ku fa?