Birkin Sienna: Kafin A Zagi Giyar Otomatik, A Mayar Da Fitilar Da Aka Cire

A tashoshin mota na Kano, Kaduna, Jos da Abuja, Toyota Sienna ta zama jakar dogon zango. Yawancinsu 'yan tsakanin 2004 zuwa 2010 ne, an gama cin moriyarsu a Amurka ko Kanada kafin su iso nan da sunan 'yan Beljiyam. Akwai wata magana da ta zauna a bakin direbobi har ta zama kamar karatu: wai mota mai giyar otomatik ba ta da amana a gangara, in birki ya tafi shi ke nan, sai salati. Maganar nan ba gaskiya ba ce. Mafi yawan abin da ake kira tsinkewar birki a waɗannan motoci yana farawa ne daga abu biyu: gargaɗin da motar ta yi aka toshe mata baki, da kuma giyar da direba bai taɓa amfani da rabinta ba.

A fara da fitilar dashbod. Idan aka murɗa makulli kafin a tayar da inji, fitilar ABS mai ruwan ɗorawa tana kamawa na 'yan daƙiƙu, sannan ta mutu da kanta. Kwamfutar birki ce ke gwada kanta. Idan ta kama ta ƙi mutuwa, akwai matsala. Idan kuwa ba ta kama ba sam, to matsalar ta fi haka, domin alama ce wani ya cire ƙwan ko ya liƙe shi da baƙin salatif don mota ta yi kyan gani a wurin ciniki. Wannan gwaji ba ya cin ko sisi, amma mutum zai biya miliyoyi bayan ya duba fenti, kujeru da sanyin AC, bai tsaya ya kalli fitilar nan ba.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san irin wannan aika-aika. Manhaja tana fitar da saƙon kuskure, sai malalacin mai rubutu ya sa layin da zai haɗiye saƙon. Allo ya yi tsaf, kuskuren kuma yana nan yana jiran ranar da mutane suka fi yawa a kai. Cire kan batir don fitila ta mutu ma ɗan uwan wannan ne.

Sai dai a yi wa direbobi adalci, ƙorafinsu a kan ABS yana da tushe. Kowace ƙafa tana da sensa da ke ƙirga juyawar taya. Idan sensa ɗaya ta cika da datti, ko wayarta ta gutsure, ko zoben haƙoran da take karantawa ya tsage, kwamfuta za ta iya ɗauka tayar ta kulle alhali lafiyarta lau. Sai ta riƙa sassauta birkin ƙafar a daidai lokacin da mota ke dab da tsayawa, feda tana karkarwa, motar tana ƙara 'yan taku gaba. Direban da wannan ya faru da shi a cunkoson Mararaba yana da dalilin tsorata. Inda aka kuskure shi ne maganin. Maimakon a gano wace sensa ce, sai makanike ya zare fis ɗin ABS gaba ɗaya ya ce ai dama kayan Turawa ne, ba na hanyarmu ba. An huta da karkarwa, amma ranar da aka taka birki da ƙarfi a kwalta mai ruwa, tayoyi za su kulle, sitiyari kuma ya daina jin magana.

Gano sensar kuwa ba aikin duba ba ne. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da soket ɗin OBD2 mai ramuka 16, yana nan ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba. A motocin Toyota na wancan zamani, lambar C0200 tana nufin sensar gaba ta dama, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu. Lamba ɗaya ta rage aikin daga ƙafa huɗu zuwa ƙafa ɗaya. Abin lura ga masu son na'urori: ƙaramar ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, da yawancin manhajojin kyauta lambobin inji kawai take karantawa, masu farawa da P. Za ta iya cewa babu matsala alhali fitilar ABS na ci. Sai an samu manhaja ko na'urar da ke shiga kwamfutar ABS, irin Techstream ta Toyota. Kuma lamba ba ta ce a sayi sabuwar sensa ba, ta nuna inda za a duba ne. Sau da yawa waya ce ta yanke a inda take lanƙwasa kusa da taya.

Jar fitilar birki kuma labarinta daban. In ba birkin ajiye mota aka manta ba a saki ba (a Sienna na ƙafa ne, can gefen hagu), to mai ne ya yi ƙasa. Man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. In ya sauka, ko dai fad ya cinye, ko kuma yana zuba a wani wuri. Wanda ya ƙara mai ya rufe bonet bai amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin biyu ba.

Man nan shi ne inda hatsarin gaske yake ɓoye. DOT 3 da Sienna ke sha yana tsotsar danshi daga iska a hankali. Ƙa'idarsa ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma wanda ya sha ruwa ma'auninsa ya sauka zuwa 140. Motar da ta shekara goma sha biyar, ta ƙetare teku, ta yi damina bayan damina ba a taɓa juye mata man birki ba, ba sai an tambaya wane ɓangare take ba.

Yanzu a ɗora wannan mota a Hawan Kibo, ana gangarowa daga Jos za a yi Akwanga, fasinja cike, but ya ƙi rufuwa sai da igiya. Direba ya bar giya a D, ko ma ya tura ta N don ya yi firi, ƙafarsa na kan birki tun daga sama. Nauyin motar duka ya koma zafi a fad da diski. Zafin ya kai ga mai, man ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi. Feda ta nutse har ƙasa babu komai. Bayan rabin awa, in Allah ya sa an tsira, birki ya huce ya dawo kamar ba shi ba, sai a ce aljanun wurin ne, ko kuma a ce halin otomatik ne.

Alhali a gefen hannun direban akwai 4, 3, 2 da L, ba don ado aka rubuta su ba. Tsofaffin samfurin kafin 2004 suna da 2 da L da maɓallin O/D OFF. Direban babbar mota ya san ana sauka gangara da giyar da aka hau ta, kuma otomatik ma haka take. A rage gudu tun kafin a fara sauka, a sa 3, in gangarar ta yi tsanani a sa 2, inji ya riƙe motar, birki ya zama na taɓawa a saki. Injin zai yi ƙara, kuma ƙarar ce ke sa wasu su ji tsoro su mayar D, amma aikinsa yake yi. Batun firi don tsimin fetur ma lissafi ne na zamanin kafireto. Injin da kwamfuta ke ba shi mai yakan yanke fetur idan mota na gangarawa cikin giya ba a taka totur ba, a N kuwa dole ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Masu kashe inji ɗungurungum a gangara sun fi kowa ganganci: sabo da ke sauƙaƙa taka birki daga inji yake samun iska, taku biyu ko uku ya ƙare, sitiyari ma ya yi tauri.

Idan feda ta riga ta nutse, abin yi shi ne a yi ta bugunta da sauri, a sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, a taka birkin ajiye mota a hankali ba gaba ɗaya ba. Kada a kashe makulli, kada a jefa ta P. Abin da ke riƙe mota a P wani ɗan ƙarfe ne da ke shiga haƙori a cikin giyabos, an yi shi don motar da ta riga ta tsaya.

Akwai ma inda birki ke jawo wa giya zagi kai tsaye. Mota ta ƙi fita daga P da safe, sai hankali ya tashi, a fara lissafin kuɗin giyabos. Sau da yawa ɗan makunnin da ke saman fedar birki ne ya mutu, ko fis ɗin fitilar birki ya ƙone, domin motar ba ta sakin giya sai ta samu labarin an taka birki. A sa yaro ya tsaya a baya a taka, in fitilun ba su kama ba an gano bakin zaren. Kusa da sandar giyar akwai ɗan maɓallin sakin makulli da za a danna a fitar da ita a kai wurin mai waya, amma a tafi a hankali, domin na baya ba zai ga alamar tsayawa ba.