Jirgin Duba Rufi Da Hakkin Maƙwabci

A Kolere ta garin Mubi, iskar farkon damina kan yaye kwanon da ƙusarsa ta saki. Kafinta ne kan hau tsani ya duba, wani sa'i ya faɗo ya karye. Yanzu an ƙago ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kyamara, wanda kan nuna tsatsa da wurin yoyo.

Amma fa tun 2016 hukumar jiragen sama ta Nijeriya ta hana tayar da shi sai da izni. Ban da wannan, kafinta kan aika wa maƙwabta kafin ya hau, domin matan gida su kimtsa. Kyamara kuwa tsakar gidan kowa take leƙawa. Wajibi ne mai ɗauko shi ya fara sanar da mai unguwa da maƙwabtansa.