Sanin Kimiyya Daban, Iya Koyar Da Ita Daban

A shekarar 1977 Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. A zamanin nan, da yawa daga cikin masu koyar da lissafi da kimiyya a Arewa baƙi ne daga Indiya da Pakistan da Ingila. Da darajar Naira ta faɗi bayan 1986, akasarinsu suka tattara nasu ya nasu suka koma gida. 'Yan ƙasa masu digiri suka gaje su, amma ba kowannensu aka taɓa koya wa tsayuwa gaban aji ba.

Tushen matsalar kuwa yana jami'a. Da zarar ɗalibi ya gama digirin farko da sakamako mai kyau, sai a riƙe shi ya nemi na biyu, a kuma danƙa masa 'yan shekarar farko a ɗakin gwaje-gwaje. Ba a nuna masa yadda ake tsara darasi ba, balle yadda ake jefa tambayar da za ta tona inda yaro ya ɓace. Abin da aka yi masa shi yake yi: ya juya wa aji baya, ya cika allo da rubutu, yara su kwafa su haddace. Sai ka ga yaro yana zuba dokar Ohm da ka, amma in an miƙa masa batir da waya da ƙwan fitila sai ya yi tsuru-tsuru.

Alhali kuwa ba a rasa wurin horo ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana ba masu digiri difilomar koyarwa, haka ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976. Lalle ne jami'o'i su wajabta wa duk mai neman babban digirin kimiyya ɗan wannan horo, gogaggen malami ya zauna a bayan aji yana sauraronsa, ya gyara masa kafin a sakar masa alli. Masu cewa hakan zai cinye lokacin bincike su tuna cewa da yawan waɗannan ɗalibai a aji za su ƙare aikinsu.

'Yan Arewa mazauna Agege da Sabon Badun da Anaca, waɗanda ke tara kuɗin makaranta da gumin fatauci, suna da ta cewa. In an kira taron iyaye da malamai, su tambayi shugaban makaranta: malamin kimiyyar nan, ban da digirinsa, ina ya koyi koyarwa?