Zuwa ga masu duba dabbobi a Jiratawa, a kan murar kyanwa



Na san hannunku ya fi sabawa da jar akuya da tumaki da shanun huɗa, domin saboda su ake kiranku, daga Jiratawa har Tibiri. Amma in hunturu ya sauko, ƙura ta rufe gulbin Maraɗi, ba za ku rasa gidan da za a ce muku, bayan kun gama da garke, "Malam, ɗan duba mana mussar nan." Ita ce ke tsare rumbu da buhunan irin manoman rani daga ɓera. Abin da nake tsoro shi ne a ɗauke ta kamar ƙaramar akuya, a gutsuro mata maganin da ke cikin jaka.

Murar kyanwa galibi ƙwayoyin bairos biyu ke kawo ta, hafis da kalisi. Za ku ga atishawa, majina, ido ya cika da kwantsa. Kalisi har gyambo yake fitarwa a harshe, miyau ya riƙa dalala. Antibiyotik ba ya kashe ko ɗaya cikinsu. Jikinta ne ke yaƙin, kuma yawanci cikin mako ɗaya zuwa uku take warwarewa in ta sami jinya. Saboda haka rabin aikinku koya wa uwargida jinyar ne.

Kyanwar da hancinta ya toshe ba ta jin ƙanshi, wadda ba ta ji ƙanshi ba kuwa ba ta cin abinci. A nan ake rasa kyanwoyi. A goge mata hanci da ido da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, safe da rana da dare. A ɗumama mata kifin gwangwani ko romon kaza, amma ban da albasa da tafarnuwa, domin suna lalata mata jini. A yi mata sirace da tsurar ruwan zafi: a kife ta da kwando, a ajiye kwanon ruwan a waje kusa da shi, a lulluɓe duka da zane kamar minti goma. Kada a zuba man shafawa na mura a ciki. A nisanta ta da hayaƙin murhu da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. In ta kwana biyu ba ta ci komai ba, jinyar gida ta ƙare.

Farasitamol kuwa, don Allah ku hana shi da babbar murya. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya guda tana iya kashe ta. Mutane da kyakkyawar niyya suke ba ta, shi ya sa sai kun faɗa tun kafin su tambaya. Haka maganin kaska na shanu da karnuka mai sinadarin fametirin: yana sa ta rawar jiki da farfaɗiya.

Sai mai ciki. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, kuma sau da yawa ita da kanta take shigowa gida neman wurin haihuwa, mutane su ji tausayi su riƙe ta. A ware mata ɗaki mako biyu nesa da sauran kyanwoyin gida, da kwanonta daban, a riƙa wanke kwanon da jabel kashi ɗaya cikin ruwa kashi 32, a ɗauraye sosai. Dangin tetrasaikilin, wanda ba ya rabuwa da jakarku saboda awaki, yana taɓa ƙashi da haƙoran ƴaƴan da ke ciki. In majinar ta koma rawaya mai kauri, ga zazzaɓi, to bakteriya ta shiga; likitoci sun fi aminta da amoksisilin, a gwargwadon nauyinta bayan an auna ta. Rigakafi mai rayayyar ƙwaya sai bayan ta haihu.

In ta haihu kada a raba ta da ƴaƴan don tsoron yaɗuwar cuta, dakashinta ne kariyarsu ta farko. Hafis yana ɓuya a jiki, wahalar haihuwa ta tayar da shi, don haka ku sa a duba idanun ƴaƴan kullum. Suna buɗewa tsakanin kwana bakwai da goma. Kumburi a ƙarƙashin rufaffen ido yana iya makantar da ɗan in aka yi jinkiri.

Wadda ke numfashi da baki a buɗe, a kai ta wurin likitan dabbobi a Maraɗi a ranar. Ku kuma tambaya ko kaji na mutuwa a gidan. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya a 2006, kuma kyanwa tana kamuwa da ita in ta ci mushen kaza. In haka ne, kada ku taɓa ta da hannu tsirara, ku hana yara kusantarta, ku sanar da ofishin kiwo na Madarunfa.

Wassalam.